Hotunan Tauraron Ɗan'adam da Garuruwan da Muka Manta da Su

Tun da aka fitar da sakamakon ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4 ta kuma ba jihar Legas miliyan 9.1, kusan duk wata magana a kan birane a Najeriya takan ƙare ne a kan tambaya guda, wato wa ya fi wani yawa. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da adadin, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17, mutanen Arewa kuma suka ce ai dama haka abin yake, kuma har yau da zarar an taɓo zancen a rediyo sai jijiyoyin wuya su tashi. Ba a cika tunawa ba cewa waɗannan alƙaluma na jihohi ne, ba na birane ba, kuma abin da ake kira birnin Kano da kewaye ƙananan hukumomi takwas ne kawai daga cikin 44 na jihar. Ba a kuma sake wata ƙidayar ba tun daga lokacin, domin wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara.

A ganina wannan gardama ta cinye mana hankalin da ya kamata mu kashe a kan wata tambaya da ta fi ta amfani: shin girman da birni yake da shi a yau ne yake yanke saurin bunƙasarsa gobe? In amsar ita ce e, to gwamnati tana da hujjar zuba duk abin da take da shi a manyan birane biyu ko uku. In kuwa a'a ce, to akwai ɗaruruwan garuruwa da suke kumbura ba tare da kowa ya lura ba, kuma ranar da za a lura aikin gama ya riga ya gama. Hotunan da taurarin ɗan'adam suka shafe sama da shekara hamsin suna ɗauka sun ba mu damar amsa wannan tambaya fiye da kowane lokaci a baya, kuma amsar da suke bayarwa ta fi karkata ga ta biyun.

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1931 wani injiniya Bafaranshe, Robert Gibrat, ya kawo ƙa'idar cewa saurin girman kamfani bai dogara da girman da yake da shi ba, daga baya masana suka gwada ƙa'idar a kan birane. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce, idan aka ɗauki biranen ƙasa guda, manya da ƙanana, matsakaicin kason da suke ƙaruwa da shi a shekara kusan ɗaya ne. A 1949 kuma George Zipf na Amurka ya yayata wani tsari da ake yawan gani, inda birni na biyu yakan kai kusan rabin na farko, na uku kusan sulusinsa, haka har ƙasa. Masana tattalin arziki sun nuna daga baya cewa abubuwan biyu suna da alaƙa, domin idan birane suka daɗe suna girma da kaso iri ɗaya ba tare da la'akari da girmansu ba, jerinsu yakan ƙare a irin wannan tsari. Matsalar da ta daɗe tana damun masu wannan bincike ita ce iyaka. Ƙidaya tana ƙirga mutane ne bisa iyakokin mulki, birni kuwa ba ruwansa da iyakar ƙaramar hukuma. Idan aka ƙirga mutanen Dala da Fagge da Gwale kawai za a ce Kano ta kusa daina girma, alhali ta tsallaka ne zuwa Ungogo da Kumbotso, tana kuma cin gefen Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa.

A nan ne hoton sama ya shigo. Tauraron Landsat na farko, na ƙasar Amurka, ya tashi a 1972, kuma jerin waɗanda suka biyo bayansa tun daga 1982 suna ɗaukar kowane yanki na duniya duk bayan kwana 16, inda kowane ɗigo a hoton yake wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. A 2008 gwamnatin Amurka ta buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Tun daga 2015 kuma Tarayyar Turai ta ƙara da taurarin Sentinel-2, waɗanda ɗigonsu mita 10 ne, su ma kyauta. Gini da kwalta da kwanon rufi suna maido da hasken rana ta hanyar da ta bambanta da ta ganye ko ruwa, don haka kwamfuta tana iya ware inda aka gina daga inda ba a gina ba, ta zana iyakar gari kamar yadda take a ƙasa. Idan aka jera hoton 1990 da na 2000 da na 2015, za a ga inda garin ya nufa da yawan filin da ya ci, ba tare da an nemi izinin wani shugaban ƙaramar hukuma ba, kuma ba tare da wani ya ƙara sifili a takarda ba.

Aikin da ya fi shafarmu a wannan fage shi ne Africapolis, wanda sashen Sahel da Yammacin Afirka na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD yake gudanarwa. Ma'auninsu ɗaya ne a kowace ƙasa: duk inda gine-gine suka haɗu ba tare da tazarar da ta kai mita 200 a tsakaninsu ba, kuma mazauna wurin suka kai 10,000, to wannan gari ne, ko gwamnati ta kira shi gari ko ba ta kira ba. Da wannan ma'auni suka samu garuruwa sama da 7,600 a Afirka a 2015, masu ɗauke da mutum miliyan 567, alhali a 1950 mazauna garuruwan nahiyar miliyan 27 ne kacal. Najeriya kaɗai tana da sama da 1,200 daga ciki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kashi 97 cikin ɗari na waɗannan garuruwa ba su kai mutum 300,000 ba. Wato bunƙasar birane a Afirka ba labarin Legas da Alƙahira da Kinshasa ba ne kaɗai, labarin Funtuwa da Malumfashi da Haɗeja da Azare da Potiskum da Birnin Ƙonni da Tasawa ne, har da waɗanda ba su kai waɗannan suna ba, ƙauyukan jiya da suka haɗe da maƙwabtansu a bakin kwalta suka zama gari ba tare da wani ya ƙaura zuwa ko'ina ba. Wannan ma'auni ne kuma ya fito da abin mamakin Onitsha, inda aka ga garuruwa da ƙauyukan kudu maso gabashin Najeriya sun haɗe sun zama shimfiɗa guda mai mutum kusan miliyan 8.5, wadda babu wata taswirar mulki da ta san da ita. Ana iya jayayya a kan ko irin wannan shimfiɗa ta cancanci sunan birni, kuma masana sun yi jayayyar, amma ba a iya jayayya cewa gine-ginen suna nan.

Wani aikin shi ne kundin taswirar faɗaɗar birane da Jami'ar New York ta fitar a 2016 tare da hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin jagorancin Shlomo Angel. Sun zaɓi birane 200 daga cikin sama da 4,000 masu mutum 100,000 zuwa sama a duniya, har da Legas da Ibadan da Gombe, suka auna su a hotunan wajen 1990 da 2000 da 2014. Babban abin da suka gano shi ne filin da birane ke ci yana ƙaruwa da sauri fiye da yawan mutanensu, wato cunkoso a kowace hekta yana raguwa a yawancin wurare, duk da cewa mazaunin Kurna ko Brigade zai yi wuya ya yarda da haka. A wani binciken da suka yi kafin wannan a kan birane 120, sun samu raguwar ta kai kusan kashi 2 cikin ɗari a shekara tsakanin 1990 da 2000. Lissafin da ke biyo baya ba shi da wuya. Garin da mutanensa suka ninka biyu cikin shekara ashirin, cunkosonsa kuma yana raguwa da kashi 2 a shekara, filinsa zai ninka uku ne, ba biyu ba. Wannan fili kuwa gonaki ne da fadamu da burtalai da makiyaya.

Dole a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Birni mai mutum miliyan huɗu da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari yana samun ƙarin mutum 120,000 a shekara, gari mai mutum 100,000 da ke ƙaruwa da wannan kaso kuma 3,000 kawai yake samu. Ido yana ganin na farkon, jarida tana rubuta shi, gwamna yana gina masa gadar sama. Amma dukansu biyu za su ninka cikin kusan shekara 24, kuma idan aka tara garuruwa arba'in irin na biyun, nauyinsu ɗaya da na babban birnin. Bambancin shi ne babban birnin yana da hukumar tsara birane, ko da ta yi rauni, yana da injiniyoyi da 'yan jarida da manyan mutane masu iya buga waya, ƙaramin garin kuwa sau da yawa ba shi da ko ma'aikaci ɗaya da aikinsa shi ne tunanin inda titi zai bi nan da shekara goma. Saboda haka ko da saurin girmansu ɗaya ne, ƙaramin ya fi shiga haɗari.

Wanda yake son ya ga yadda abin ke faruwa ba sai ya zama masani ba. Manhajar Google Earth tana da tsofaffin hotuna da ake iya ja baya a kalla, kuma duk wanda ya ɗora ta a kan gefen Kano ta wajen Rijiyar Zaki ko Bachirawa ko Ɗorayi zai ga labarin yana maimaita kansa. A hoton farko gona ce, da 'yan itatuwan ɗorawa da kuka a warwatse da siririyar hanyar ƙafa. Bayan 'yan shekaru sai a ga an tsattsaga gonar, fararen tulin bulo sun bayyana a kusurwoyi, wasu filayen an zagaye su da katanga babu komai a ciki sai ciyawa. A hoto na gaba kwano ya rufe ko'ina, kuma hanyar ƙafar nan ita ce ta zama babban titin unguwar, da karkacewarta da ƙuncinta. A ƙasa kuwa abin da ya faru sananne ne. Magada sun sayar da gonar, dillali ya zo da igiya ya yanka ta ƙafa hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, kuma duk wanda ya yi ƙorafin nisa sai a ce masa, "Alhaji, ka saya kawai, nan da baɗi nan ma cikin gari ne." Dillalin bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne kowace ƙafa da aka bar wa hanya asara ce a wurinsa, don haka lungun da ya bari da ƙyar kurar mai garuwa za ta wuce, balle motar kashe gobara, kuma babu filin makaranta, babu na asibiti, babu inda ruwan sama zai bi. Awon igiya ba laifin talaka ba ne, domin shi ne kaɗai hanyar da mai ƙaramin ƙarfi yake samun matsuguni a birnin da filin gwamnati ya fi ƙarfinsa. Laifin yana kan hukumar da take zuwa bayan shekara goma sha biyar da jan fenti tana shafa wa gidaje alama, bayan ta yi barci a lokacin da wurin yake gona.

Kano ta taɓa samun tsari na dogon zango, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta domin shekarun 1963 zuwa 1983, kuma garin ya daɗe da fin ƙarfin abin da aka hango a cikinsa. Kududdufan da a da suke shanye ruwan damina a cikin birni an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, kuma wannan ma abu ne da jerin hotuna yake nunawa ƙarara ga duk mai son ƙirgawa.

Idan girma ba shi ne ke yanke saurin bunƙasa ba, me ke yanke shi? A ƙasarmu amsa ta farko siyasa ce. Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi sun zama hedikwatar jiha a 1991, Gombe da Gusau da Lafiya a 1996, kuma daga ranar da aka kawo sakatariya da gidan gwamnati da albashin dubban ma'aikata, makomar kowannensu ta sauya ba tare da la'akari da girman da yake da shi a jajibirin sanarwar ba. Abuja ita ce misali mafi girma. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati can a watan Disambar 1991, yawancin masu yi mata aiki ba su iya zama a cikinta ba, sai suka cika Nyanya da Kubwa, suka tsallaka Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa da Suleja da Madalla a jihar Neja. A hoton sama ana ganin gini ya bi titin Keffi ba yankewa, amma a takarda waɗannan mutane na jihohi daban-daban ne, kuma babu hukuma guda da ke da alhakin ruwansu da titinsu da shararsu. Amsa ta biyu ita ce hanya da kasuwa, kamar yadda Maraɗi ta bunƙasa da cinikin kan iyaka da Katsina da Kano. A Nijar ɗin ma ana ganin tasirin fadar mulki, domin a ƙidayar 2012 Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya, kusan ninki huɗu na Maraɗi, abin da ya saɓa wa tsarin Zipf kamar yadda ake gani a ƙasashe da yawa da komai ya taru a babban birni.

Amsa ta uku ita ce mafi ɗaci, wato rashin tsaro. Maiduguri ta karɓi ɗaruruwan dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu, haka Diffa a Nijar, haka kuma hedikwatocin ƙananan hukumomi da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato da mutanen ƙauye suka gudo cikinsu saboda 'yan bindiga. Irin wannan girma ba ya bin wata ƙa'idar lissafi, kuma ƙidayar da ake yi sau ɗaya a shekara goma, ko da ana yin ta a kan kari, ba za ta kama shi ba. Hoton da ake sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki shi ne zai nuna cewa an kafa bukkoki a bakin kogi ko a cikin kwari. Ambaliyar Maiduguri da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024 ta nuna abin da ke faruwa idan gari ya cika ya tumbatsa zuwa hanyar ruwa.

Duk da haka ba na cikin masu ganin cewa tauraro ya maye gurbin malamin ƙidaya, kuma ina tsoron masu son mayar da shi sabon makami a tsohuwar gardamar Kano da Legas. Tauraro rufi yake gani, ba mutum ba. Bai san cewa gida ɗaya a cikin Badala yana iya ɗauke da magidanta biyar da iyalansu da almajirai a zaure ba, alhali katafaren gida a Nasarawa GRA mutum shida ne a ciki har da maigadi. Rufin soro launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, don haka hoto mai ɗigon mita 30 yana iya tsallake ƙauye guda na ginin ƙasa, ya kuma ɗauki busasshen fili a lokacin rani a matsayin gini. Akwai ma wani ruɗi da ke tattare da wannan, domin idan mutanen ƙauye suka samu kuɗi suka sauya rufin ƙasa da na kwano, kwamfuta tana iya cewa sabon gari ya tsiro, alhali tsohon ne ya sauya riga. Hazon hunturu da gajimaren damina suna ɓata hotuna na tsawon makonni. Hoton hasken fitilun dare, wanda masana tattalin arziki suke amfani da shi wajen kimanta arzikin birane tun daga bayanan 1992, ya fi kowanne rauni a wurinmu, domin unguwa mai mutum dubu ɗari da ba ta ga wuta ba sati guda za ta fito baƙi ƙirin, wutar iskar gas da ake ƙonawa a yankin Neja Delta kuma ta fito kamar babban birni. Har alƙaluman yawan jama'a na Africapolis ma, iyakar garin ce take fitowa daga hoto, amma adadin mutanen daga ƙidayar ƙasa ake samo shi, don haka idan ƙidayar ta gurɓace, gurɓatar tana biyo shi.

Hanyar da ta dace ita ce a haɗa biyun, kuma an riga an gwada hakan a Arewacin Najeriya ta wata ƙofa da ba a zata ba, wato yaƙi da shan inna. Masu allurar rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, kuma da aka fara amfani da hotunan sama a jihar Kano da maƙwabtanta a farkon shekarun 2010, sai aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin taswirar kowa, wato yaransu ba sa cikin lissafin kowa. Daga nan aka ci gaba da zana kowane matsuguni, ana tura ma'aikata su ƙirga mutane gida-gida a wasu zaɓaɓɓun wurare, sannan a yi amfani da sakamakon a kimanta sauran wurare masu irin wannan gini. Wannan aiki ne ya zama tushen shirin GRID3 na zana taswirar matsugunai da kimanta yawan jama'a, kuma yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Abin tambaya shi ne me ya sa taswirar da ta iya kai ma'aikaciyar lafiya ƙofar kowace ruga ba ta iya kai mai tsara gari gefen Funtuwa ba.

Ba rashin kayan aiki ba ne. Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Ko babu su ma, hotunan Landsat da Sentinel kyauta ne, kuma a 2021 kamfanin Google ya saki taswirar gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka ga duk mai so. Sassan nazarin ƙasa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni suna yaye ɗalibai da suka iya wannan aiki, kuma da yawa daga cikin kundayen digirinsu a kan faɗaɗar garuruwansu ne, sai dai a kan kantar ɗakin karatu suke ƙarewa. Abin da ya rage shi ne wanda zai karɓi sakamakon ya yi aiki da shi.

Aikin da nake ganin ya fi gaggawa ba shi da ƙyalli, kuma ba a yanka masa kintinkiri. Kowace jiha ta ɗauki garuruwanta da suka haura mutum dubu hamsin, ta duba hotunan shekara ashirin ko talatin da suka wuce, ta ga ta ina kowanne yake faɗaɗa da kuma saurinsa, ta kimanta filin da zai ci nan da shekara talatin masu zuwa. Sannan tun wurin yana gona a shata manyan hanyoyi, a biya manoma diyyar abin da hanyar ta ci a farashin gona, a kafa turaku ko a dasa itatuwa a gefenta, a keɓe hanyoyin ruwa da filayen makaranta da maƙabarta. Ba sai an zuba kwalta yau ba, abin da ake bukata shi ne kada a gina a kai. Habasha ta gwada wannan tun daga 2013 a garuruwa irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar da Mekele, inda aka shata hanyoyi masu faɗin mita 30 da tazarar kusan kilomita ɗaya a tsakaninsu, kuma ma'aikatan garuruwan ne da kansu suka zana tsarin. A tsakanin waɗannan hanyoyi dillali yana iya ci gaba da awonsa, talaka ya ci gaba da sayen abin da ƙarfinsa ya kai, amma babu gidan da zai yi nisa da titin da motar haya da bututun ruwa za su iya bi.

Na san inda za a ce gizo ke saƙar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da su bisa al'ada, kuma gwamna ne yake ayyana inda birni ya tsaya. Mutanen karkara suna da dalilin jin tsoro duk lokacin da aka ce gwamnati ta zo da taswira, domin sun sha ganin an karɓe gona da sunan amfanin jama'a, an biya diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, daga baya filin ya ɓulla a hannun masu uwa a gindin murhu. Hoton da zai nuna wa mai tsara gari inda gari zai nufa shi ne kuma zai nuna wa mai handama inda zai riga kowa saye. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa a ganina shi ne kada taswirar ta zama sirrin ofis. A lika ta a ƙofar fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta ta a rediyo da Hausa, manomi ya san hanya za ta ci kadada kaza daga gonarsa kuma sauran gonar tasa ce, darajarta ma za ta ƙaru. Gwamnati kuma ta tsaya a kan hanyoyi da magudanan ruwa da filayen jama'a kawai, kada ta karɓe gonakin gaba ɗaya da sunan sabon rukunin gidaje.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda shi ne asalin abin da ya sa ƙidaya ta zama fagen yaƙi, tunda yawan jama'a yana da kaso 30 cikin ɗari a ma'aunin raba kuɗin tarayya tsakanin jihohi. Shawarata ita ce a raba wannan aiki da wancan ma'auni gaba ɗaya. Ranar da aka ce yawan rufin da tauraro ya gani zai ƙara wa jiha kaso, ranar za a fara jayayya a kan kowane ɗigo, kuma ba zan yi mamaki ba idan aka fara kafa rumfunan kwano a daji. A bar hukumar ƙidaya ta yi ƙidayarta in lokacin ya zo, ta yi amfani da hotunan wajen tabbatar da cewa ba a tsallake kowa ba kuma ba a ƙirƙiro ƙauyen da babu shi ba. Shata hanya a gefen Gumel ko Kontagora kuwa ba ya bukatar a jira wannan rana, domin ma'aikaci biyu da kwamfuta ɗaya da hakimin da ya yarda sun isa a fara, kuma kuɗin diyyar gonakin da hanyar za ta bi a bana bai kai na rushe layi ɗaya na gidaje ba idan aka bari sai an gina.